Sunan da Layo Ya Ara

Consuelo, 9 ga Oktoba, 2016

Yaya Layo,

Ina neman albarkarka, kamar yadda Mama ta koya mana a yi wa na gaba. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da 'yarka Nereida da yaranta. Yaya gwiwoyin? Yuderka, 'yar maƙwabciyata da ke aiki a garinku, ta ce ta gan ka a coci kana dogara sanda, kana kuma yi wa sandar faɗa. Na ce mata to da sauran ƙarfi. Ita ce za ta kawo maka wannan. Ka san halin gidan waya a nan, tarho kuwa ba shi da amfani gare ni tun da kunnen hagu ya bi na dama.

Ni dai ga ni nan. Ƙafafu suna kumbura, numfashi kuma ba ya kai ni kanti sai na tsaya sau biyu. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ya dubi katina, ya haɗa mini da "Don" na girmama dattijo, ya ce, "Don Eladio, ga mai shekara tamanin ai ka yi ƙoƙari." Na ce, "Likita, biyar daga ciki ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni." Ya yi dariya, ya ɗauka raha ce irin ta tsofaffi.

An gama gyaran filin ƙwallon gora na bayan tsohon injin rake. Sun rubuta a bango da shuɗin fenti, kowane harafi ya kai tsayin mutum: FILIN ANSELMO GUMBS. Ranar buɗewa suka zaunar da ni a gaba, wai ni ne yayan gwarzo. Aka karanta tarihinka: shekara goma sha ɗaya kana tsugune bayan mai gora kana cafe ƙwallo, kwana arba'in da uku a babbar gasar Amurka, shekara ashirin da shida kana manajan ƙungiyoyi. Ba su yi kuskure ko ɗaya ba, na gwada da littattafaina. Wani ɗan jarida daga babban birni ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, wane irin yaro ne ƙaninka Anselmo?" Na ce masa yaro ne mai shiru, mai ƙoƙari a makaranta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka yi haƙuri in tuna maka abin da ka sani, don ba mu taɓa sa shi a takarda ba.

A 1958 Baturen nan mai neman 'yan wasa ya ga ka jefa ƙwallo daga tsugune, ya cire malafarsa ya yi fifita da ita. Ya ce ba ya ɗaukar wanda ya haura sha takwas. Kai kana da ashirin da biyu, ni sha bakwai. Mama ta buɗe gwangwanin biskit ta ɗauko takardar haihuwata mai sunan Anselmo, wanda a gida ake taƙaita mini Chemo, ta miƙa maka, ta karɓi katin shaidarka ta miƙa mini. Ta ce, "Aro ne, Chemo. Shekara biyu ko uku, in ya kafu ya maido maka." Ta kuma ce daga ranar ko a cikin gida da sunanka na yanka, Eladio, za a kira ni, kada baki ya suɓuce. A watan Satumban shekarar ne zan shiga makarantar horon malamai. Amma Anselmo aka ba gurbin, Anselmo kuwa ya hau jirgi. Eladio ya bar makaranta tun aji uku, don haka Eladio ya tafi ma'aunin rake. Shekara arba'in da ɗaya na yi a wurin.

Ba gori nake yi maka ba. Kai ka rufa wa Mama kwano, kai ka kai matata Ofelia asibiti lokacin da ni ban iya ba. Ban manta ba.

Makon jiya na je wurin Quirino magini don ya shirya mini wurina, tsakanin kabarin Mama da na Ofelia. Ya ce wane suna zai zana. Na ce Anselmo. Ya ajiye cokalin gininsa ya ce, "Don Eladio, ƙaninka za ka binne da ransa?" Shi abin da ke takardar izinin binnewa yake zanawa, ita kuwa katin mutum take bi. Na je ofishin rajista, na tambaya kamar zancen wani ne. Matar ta ce ana gyarawa, amma sai ɗayan da ke riƙe da sunan ya rantse a gaban lauya ya sa hannu.

Abin da nake roƙo ke nan, Yaya. Duk waɗanda suka san gaskiya sun kwanta. Ofelia ce ta ƙarshe da ke ce mini Chemo, shi ma sai ta tura ƙofa. Shekara shida ke nan ban ji shi daga bakin mutum ba. Sunan ya yi maka aikinsa, ka yi ritaya, an rubuta shi a bango. Ni siminti tafin hannu biyu kawai nake so a rubuta shi a kai.

Ƙaninka,
Chemo

*

Lawrence, 4 ga Disamba, 2016

Farfesa,

Allah ya yi maka albarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san yatsuna, babu guda ɗaya da ƙwallo ta bari a miƙe. Muna lafiya. Ƙanƙara ta fara zuba, gwiwoyina sun riga rediyo sanar da ni. Nereida tana gaida Baffanta Eladio, ta aiko maka da safa ta masu kumburin ƙafa. Ka sa ta, kada ka adana a akwati kamar rigar da na aiko maka tun zamanin Ofelia. Yuderka ta ce ka rame kamar gora. Ka ci domplin ɗinmu na fulawa da busasshen kifi, ka bar shayi da burodi.

Na karanta takardarka sau uku. Ɗan jarida ya zauna kusa da kai. Bayan kwana kaɗan ka je ofishin rajista. Sannan ka rubuto in sa hannu. Farfesa, shekara goma sha ɗaya na yi ina gane abin da mai gora ke shirin yi daga yadda ya dasa ƙafarsa. Me ka gaya wa mutumin? Me ya ce zai rubuta?

Kai kana ganin sa hannu ne kawai. Da sunan nan na ɗaga hannu na rantse aka ba ni ƙasar nan. Shi ke kan takardar Nereida, shi ke kan na jikokina. In na je gaban lauya, na faɗa da bakina cewa ƙarya na shigo da ita tun 1958. Ka san ba su da wasa a kan takarda yanzu.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba. A 2002 aka shiga bincikar takardun 'yan wasanmu. Ina da wani mai jifa da hagu, Wilkin, mutumin Baní. Ban taɓa ganin ƙwallo tana lanƙwasa irin tasa ba. Takarda ta ce ashirin, ashe ashirin da huɗu ne, ta ɗan baffansa ce. Manya suka ce in sallame shi. Na kira shi ofis na rufe ƙofa. Ya tsaya da hularsa a hannu ya ce, "Manaja, kai ɗan gida ne, ka san yadda abin yake." Na dube shi ido cikin ido na ce ban sani ba. Na karɓi rigarsa. Bayansa na sallami wasu huɗu. In maganar nan ta fito, da wane ido zan dubi mutanen nan?

Kada ka ce kai kaɗai ka biya. Kai ka zauna da Mama har ta cika. Ka samu Ofelia, ka samu inuwar mangwaron ƙofar gida. Ni motar safa na samu da ɗakunan haya, da garuruwan da ba a yarda in ci abinci inda Turawan ƙungiyarmu ke ci ba. Uwar Nereida ta gaji da jira ta tafi. Kowa ya ɗauki nasa kayan.

Ka bar maganar nan. Allah ba ya karanta siminti, ya san wanda ke ciki.

Yayanka

*

Consuelo, 15 ga Janairu, 2017

Yaya Layo,

Ina neman albarka. Safa ta iso, na sa, ka yi wa Nereida godiya. An fara yankan rake, hayaƙin ƙona gonaki yana tsananta mini tari. Ban da wannan lafiya lau.

Ban gaya wa ɗan jarida komai ba. Da mai faɗa ne ni, da ban jira shekara hamsin da takwas ba. Ka karanta ƙafar Turawa dubu, amma ta ƙaninka ta gagare ka.

Ranar da ka fara shiga babbar gasa a 1966, mun kewaye rediyo a ɗakin ma'auni, amalanke goma suna jira a waje da shanunsu. Mai sharhi ya ce, "Ga Anselmo Gumbs ya ɗauki gora." Na miƙe tsaye ban sani ba, kamar yadda nake yi in malam ya kira suna a aji. Mutane suna dukan bayana suna cewa ƙaninka ne, Eladio, ƙaninka ne. Na yi murna ranar, Allah shaida. Na rubuta kowane wasa naka a littafi, har na ƙananan garuruwan da babu su a taswira. Littafi talatin da bakwai ne, suna ƙarƙashin gadona. Wannan ne mutumin da zai sayar da kai ga jarida?

Ka ce na zauna da Mama har ta cika. Gaskiya ne, bari in gaya maka yadda ta cika. Agusta ce ta 1984, ƙungiyarka tana neman kofi, ka aiko cewa sai an gama. Kwana uku idonta yana ƙofa. Ta ce, "Eladio ya iso?" Na matso na ce, "Ga ni, Mama." Ai ita ta ce haka za a kira ni. Ta dube ni ta ce, "Ba kai ba, Chemo." Shekara ashirin da shida ba ta faɗi sunana ba, sai ranar, shi ma don tana neman naka. Ta ce in ka dawo a ajiye maka wuri kusa da ita. Ban gaya maka ba don kada ya dame ka. Ka ci kofin, na rubuta a littafi na ashirin da biyu.

Labarin Wilkin ya taɓa ni. Amma ka lura, shi an karɓe masa riga, ya koma Baní da sunansa.

Abu na ƙarshe. Kada ka ƙara ce mini Farfesa. Ban taɓa tsayawa gaban aji ba, ka kuma san dalili. Na gane tuntuni cewa kana faɗinsa ne don bakinka ba ya iya ce mini Eladio, ba ya kuma iya ce mini Chemo. Ko a ƙarshen takardarka ba ka sa suna ba. In za ka rubuto, ka sa sunana a bayan ambulan. In ba za ka iya ba, ka riƙe takardarka.

Chemo

*

Consuelo, 21 ga Mayu, 2017

Yaya Layo,

Ina neman albarka, in da sauran ta a wurinka. Wata huɗu ke nan shiru. Yuderka ba ta zo Ista ba bana, wannan zan ba wani mai tafiya ya kai mata.

Na yi zafi a takardata ta baya. Maganar Mama bai kamata in faɗe ta da fushi ba. Ka rubuto ko da layi biyu ne, ka sa sunan da ka ga dama a bayan ambulan, ko Farfesan ne. Mangwaro ya yi 'ya'ya har reshe ya karye, babu mai ci sai jemagu. Yanzu ba na kai kanti, kujera nake fitarwa ƙofa. Daga nan ana jin ƙarar gora daga filinka.

Ƙaninka,
Chemo

*

Lawrence, 2 ga Yuli, 2017

Baffa,

Ina neman albarka. Na daɗe da alƙalami a hannu ban san sunan da zan sa bayan "Baffa" ba.

Na san labarin rasuwar Baba ya iso muku tun watan jiya. Ka yafe mini, ban sanar da kai ciwonsa ba. Yuderka ta gaya mini halin zuciyarka, na ce bari ya ɗan samu sauƙi tukuna. Ran biyu ga Fabrairu da safe ya faɗi a matakalar gida, sanye da babbar rigarsa ta sanyi, zai fita. Shanyewar ɓarin jiki ce. Wata huɗu ya yi a kwance. Takardarka ta Mayu ta iso bayan kwana uku da binne shi.

A asibiti in ma'aikata suka ce "Anselmo", ba ya juyowa. Wata rana wata nas ta yi ta kira, sai ya ce mata da rabin baki, "Anselmo yana makaranta, ku bar shi ya yi karatu." Ta ce, "To kai wane ne, kyakkyawa?" Ya ce, "Layo." Na ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai. Har gyara masa nake yi, Baffa. Ina riƙe hannunsa ina cewa, "Baba, kai ne Anselmo, Eladio yayanka ne, yana Consuelo." Sai ya rufe ido ya juya fuska bango.

Bayan jana'iza na buɗe jakar kayan da asibiti suka ba ni tun ranar farko. A aljihun rigar sanyin na sami ambulan, an rubuta a bayansa "Anselmo Gumbs, Consuelo". Na ce Allah sarki, kansa yake rubuta wa wasiƙa. Sai da na sami takardunka a cikin tsohuwar safar cafe ƙwallonsa, na karanta su a tsaye, sannan na gane. Gidan Yuderka za shi ranar da ya faɗi. Ga ambulan ɗin nan na haɗo maka. Na buɗe, ka yafe mini. Takardar haihuwarka ce a ciki, ta yi laushi kamar tsumma, da irin katin da yake jera sunayen 'yan wasa a kai kafin a fara. A bayan katin ya rubuta: "Chemo, ga takardarka. Litinin zan je wurin lauya. Layo."

Takardar mutuwa ta riga ta fita da sunan Anselmo, an aika kwafinta can gida. Dutsen kabarin ma haka. Na ga lauya. Ya ce ana iya warwarewa, amma sai kotu a can da nan, da gwajin jini, shekara biyu ko fiye, kuma za a tono takardunmu duka. Na yi magana da yarana. Mun yarda. Ka ce a fara, a fara.

Ban sani ba ko Baba ya taɓa gaya maka aikina. Malama ce ni, aji uku nake koyarwa. Ni aikin jinya na so, shi ya kafe. Ya ce gidanmu ana bin sa bashin malami ɗaya. Sai yanzu na san abin da yake nufi.

'Yarka,
Nereida

*

Consuelo, 6 ga Agusta, 2017

'Yata Nereida,

Allah ya yi miki albarka, ke da yaranki. Ya ba mu haƙuri. Jikina yana nan yadda kika ji, ba sai na ƙara ba.

A rediyo na ji. Ina zaune a ƙofa da kofi, mai labarai ya ce Anselmo Gumbs ɗan Consuelo ya rasu. Mutane suka cika gidan nan kwana tara ana addu'a, kowa yana kama hannuna yana cewa Allah ya ji ƙan Anselmo. Na ce amin. Duk kwanakin nan ina ganin ya tafi yana fushi da ni, ina ganin takardata ce ta rufe masa baki. Ambulan ɗin da kika aiko ya sauke mini wannan. Na san rubutunsa. Harafin farko ya karkace, ya danna alƙalami har ya kusa huda takardar. Ubanki ajinsa uku, kuma yatsunsa kin san su. Ba ƙaramin aiki ya yi ba.

Kada ki zargi kanki don kin gyara masa. Abin da aka koya miki kika faɗa. Mu muka shuka, tun ba a haife ki ba.

Maganar lauya, a bar ta. Ba ni da shekara biyu, likita bai ɓoye mini ba. Ko ina da su, ba zan sa a tono takardun jikokin Layo ba. Abin da na roƙa shi ne ya maido mini, ya kuwa maido. Rana huɗu ce ta gagare shi tsakaninsa da Litinin.

Ki bar dutsen yadda yake. Na yi kwanaki ina tunani a kujerar nan. Anselmo ya ga duniya, ya ci kofi, an rubuta shi a bango, ya haifi malama. Da yana hannuna ban san ko zai kai haka ba. Ya kwanta a can inda jikokinsa za su kai masa fure.

Jiya na aika aka kira Quirino magini. Na ce ya zana sunan da ke kan katin shaidar da nake riƙe da shi. Ya ce, "Don Eladio, ka dawo hayyacinka ke nan." Na ce na dawo. Kakarki ta mutu tana kallon ƙofa tana jiran Eladio, ta ce a ajiye masa wuri kusa da ita. Shekara talatin da uku wurin yana jira. Shi ba zai iya zuwa ba, ni kuwa ina riƙe da sunansa, tafiyar ma ba nisa. Mama ba ta iya karatu sosai ba, amma sunan ɗanta na fari tana gane shi. Ofelia kuma ba ta bukatar siminti ya gaya mata wanda ya kwanta a gefenta.

Littattafan nan talatin da bakwai zan ba Yuderka ta kawo miki kaɗan kaɗan. Duk wasan da ubanki ya yi yana ciki. In da hali, ki nemi wani Wilkin mutumin Baní, mai jifa da hagu, ki gaya masa manajansa ya san yadda abin yake.

Roƙona gare ki guda ne. In za ki rubuto, kuma ki yi sauri, ki fara da "Baffa Chemo". Baki ɗaya ya ishe ni.

Takardar haihuwar na mayar da ita gwangwanin biskit na Mama, inda aka ɗauko ta. Ambulan ɗin kuwa na gaya wa uwar Yuderka, ranar da za su sa mini farar rigata, ta sa mini shi a aljihun gaba.

Baffanki,
Anselmo Gumbs